GARGAƊI GA JAMA'AR ƘAURA NAMODA, SHINKAFI DA ZURMI: Kada Garaɓasar Kwamfuta Ta Cinye Kuɗin Kaka

Iyaye da ɗalibai, malaman makaranta da masu shagunan buga takardu na Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, a yi hattara. Daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba, haka nan gabanin Ƙaramar Sallah da Babba, wayoyinmu kan cika da tallar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda matasa ke kira laftof: an zabtare rabin kuɗi, saura guda uku, gobe farashi zai koma yadda yake. Kiran da nake yi shi ne kada kowa ya saki ko naira ɗaya sai an kunna kwamfutar a gabansa, ko a gaban wanda ya amince da shi, an bincika ta ciki da waje. Wanda ya yi cinikin biri a sama daga wannan yanki namu, da wuya ya sake ganin kuɗinsa.

Buƙatar kwamfuta gaskiya ce, ba ƙawa ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma a 2024 WAEC ta fara gwada hakan ga masu zana jarrabawa daga waje. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, cike take da ɗaliban da ba za su kammala furojet ba sai da kwamfuta. A Shinkafi da Zurmi matasa da dama sun dogara da cike fom, rajistar jarrabawa da buga katin biki don samun na tuwo. Sai kuma aka yi daidai lokacin garaɓasar ƙarshen shekara ya faɗo a kan kaka, lokacin da uba ya sayar da buhunan wake da dawa, ko uwa ta sayar da ragon da ta yi shekara tana kiwo, don a saya wa yaro kayan karatu. Kuɗi ne da aka sha rana kafin a same su, a gonakin da shigarsu ma sai da addu'a.

Mutumin Kano in ya sayi kwamfuta a Farm Centre ko titin Beirut ta ba shi matsala, Adaidaita Sahu zai hau ya mayar da ita kafin la'asar. Mu kuwa sai dai mu je Gusau ko Sakkwato ko Kano, ko a ɗoro mana ita a mota daga Computer Village ta Ikeja. Kowa ya san halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi ke ciki. Ga kuɗin mota, ga kwanan hanya, ga fargaba. Ɗan kasuwar da ba ya tsoron Allah ya san mai saye daga Zurmi ba zai dawo saboda batir ya mutu ba, shi ya sa kayan da ɗan birni ya ƙi su ne yake turo mana. Saboda haka duk binciken da za mu yi, dole ya zo kafin biya.

Ita wannan garaɓasa daga Amurka ta samo asali. Ranar Juma'ar da ke biye da bikinsu na godiya a ƙarshen Nuwamba suke kira Black Friday, manyan kantunan intanet irin su Jumia da Konga suka yayata ta a Najeriya. Akan samu rangwame na gaske a ciki, ban musa ba. Amma a Ingila, ƙungiyar kare masu saye ta Which? ta sha bin diddigin farashin, ta gano cewa mafi yawan kayan da ake tallatawa a ranar ana samun su a kuɗi ɗaya, ko ma ƙasa da haka, a wasu lokutan na shekara. Dabarar sananniya ce: a rubuta farashi mai tsada a ja masa layi, a rubuta na kullum a ƙasa da jan tawada. A tuna kuma cewa da dala ake shigo da kwamfuta. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Wanda ya biya dala da kuɗin kwastam ba zai sayar maka a rabin kuɗi don yana ƙaunarka ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tarko na farko shi ne tsofaffin kwamfutoci. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa Oktoban 2026 ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa, a ƙa'ida, tana son furosesar Intel ta jenareshan na 8 zuwa sama, wadda ta fara fitowa a 2017. Ofisoshi da makarantun Turai da Amurka suna sauke tsofaffin kwamfutocinsu, kuma kasuwanninmu na daga inda suke ƙarewa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas ya nuna cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na gwanjo a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, Core i5 ce, Landan yus, tsaf take." Kada sunan i5 ya ruɗe ka, lambar da ke biye da shi ita ce shekarunta. In ka ga i5-2520M, ta jenareshan na 2 ce, tun 2011. In ka ga i5-6300U, ta 6 ce. In ka ga i5-8250U, ta 8 ce. Wadda lambarta ta fara da 10, 11 ko 12, kamar i5-1135G7, ta fi sabunta. Ko sunan samfuri bai isa hujja ba, domin HP EliteBook 840 G5 da Lenovo ThinkPad T480 akwai masu jenareshan na 7, akwai masu na 8. Wasu kuma sukan cusa Windows 11 da dabara a kan tsohuwar kwamfuta don ta yi kyan gani, alhali Microsoft bai lamunce mata sabuntawa ba. Tsohuwar kwamfuta za ta iya buga takardu shekara da shekaru, amma a saye ta a kuɗin tsohuwa, da sanin abin da aka saya.

Tarko na biyu shi ne sabuwa fil a kwali amma marar ƙarfi. Irin waɗannan su suka fi cika tallar garaɓasa: sirara, mai sheƙi, furosesa Celeron, RAM giga 4, ma'ajiya irin ta eMMC giga 32 ko 64. A yawancinsu an liƙe RAM da ma'ajiyar a jikin allon ciki, ba a iya ƙarawa. Windows kaɗai za ta cinye mafi yawan wurin, ɗalibin injiniya kuwa da ya ɗora AutoCAD sai ta tsaya cak. Haka Chromebook. Ba Windows ke kanta ba, ba ta ɗaukar CorelDRAW ɗin da masu shagon buga kati ke aiki da shi, kuma yawancin amfaninta sai da intanet. Mu da muka ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, wasu garuruwan suka yi watanni babu sabis, bai kamata mu sayi na'urar da rayuwarta ta rataya a kan intanet ba. Ga ɗalibi ko mai shago, a nemi aƙalla RAM giga 8 da SSD giga 256.

Tarko na uku shi ne kwamfuta a kulle ko ta sata. Wasu na gwanjon suna zuwa da kalmar sirri a BIOS, wasu kuma har yanzu suna rajiste da sunan kamfani ko makarantar da ta mallake su, sai ka haɗa da intanet ko ka sake Windows su nemi shaidar ma'aikacin can. MacBook ɗin da ke ɗaure da asusun mai ita na farko ba ta buɗuwa sai da shi. Wadda aka kawo maka a ɓoye da dare, babu rasit babu caja, ka guje ta ko da kyauta ce. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, kuma a yanayin da yankinmu ke ciki, kayan da ba ka san asalinsu ba za su iya ja maka tambayoyin da ba ka da amsarsu.

Tarko na huɗu shi ne batir. A garin da wutar NEPA ba ta da tabbas, kwamfutar da batirinta ba ya kai awa ɗaya ta zama kayan ajiya. Mai shago kan bar ta a jone da caja yana nuna maka finafinai don kada ka lura. Zafin bazara a nan yakan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, duka biyun suna ƙarasa batirin da ya riga ya gaji.

Ga yadda za a yi a shago, kuma rabin awa ta isa. Ka ce, "Maigida, don Allah cire cajar, zan duba." Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, za ka ga cikakken sunan furosesa, yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko tsohon faifai. Abin da allo ya nuna shi ne gaskiya, ba sitikar da aka manna a jiki ba. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto mai lambobi biyu, ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da wanda yake iya ɗauka yau. In na biyun ya faɗo kusa da rabin na farko, ka sa kuɗin sabon batir a lissafi. Ka shafa wurin linzami da tafin hannu: in ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ya kumbura, kuma zai iya kama wuta a ɗakin da yara ke kwana. Ka buɗe Notepad ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Ka gwada kowace kafar USB da filas ɗinka, ka gwada kyamara, lasifika da Wi-Fi. Ka buɗe murfin ka rufe a hankali kana sauraren ƙarar maƙalinsa. Ka kashe ta, ka kunna kana danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 in ThinkPad ce, don shiga BIOS. In ta nemi kalmar sirri, ajiye ta. In ta buɗe, ka gwama lambar siriyal ɗin ciki da wadda ke rubuce a ƙasan kwamfutar. Daga nan a rubuta maka rasit mai sunan shago, samfuri, lambar siriyal da kwanakin garanti. Mai shagon da ya fusata don kana bincike ya riga ya ba ka amsa.

Tarko na biyar, wanda ya fi kowanne ciwo, shi ne a tura kuɗi ba a ga kaya ba. A Facebook, WhatsApp da TikTok akwai shafukan bogi masu ɗauke da sunaye da hotunan manyan shaguna. Za a ce ka tura kafin alƙalami, sai kuɗin mota, sai kuɗin wani shinge a hanya, daga nan lamba ta daina shiga. Wasu kan ce gwanjon kwastam ne, alhali Hukumar Kwastam ta sha gargaɗin jama'a cewa ba ta gwanjo a shafukan sada zumunta. Wasu kan turo saƙo wai gwamnati na rabon kwamfuta kyauta ga ɗalibai, a cike fom da BVN da lambar katin banki. Kada a bai wa kowa lambar sirrin da banki ke turowa a waya, ko da ya ce daga bankin yake. In dole ne a saya daga nesa, a sa ɗan'uwa ko amini da ke Gusau, Kano ko Sakkwato ya je shagon da ƙafarsa, ya yi binciken nan, sannan a biya. A manyan kantunan intanet kuma a karanta sharuɗɗan mayar da kaya, a duba sunan ainihin mai sayarwa da abin da masu saye suka faɗa a kansa, domin da yawan kayan na 'yan kasuwa ne masu zaman kansu.

Wanda aka riga aka damfara kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa nan take, ya adana rasit ɗin taransfa da hirarsu, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda ko ofishin EFCC na shiyyar Sakkwato. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi a ɓoye. Sai dai bin haƙƙi daga Shinkafi ko Zurmi yana cin lokaci da kuɗi, rigakafin ya fi sauƙi.

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, da yawanku mutanen kirki ne, kuma gwanjo mai kyau ta fi sabuwa marar ƙarfi amfani ga ɗalibanmu. Ku ji tsoron Allah ku faɗi aibin kaya kafin a ƙulla ciniki, kamar yadda addini ya wajabta. Ribar algus ba ta da albarka, balle a kan kuɗin talakan da ya sayar da abincin gidansa.

Ina roƙon limamai, masu unguwanni, malaman kwaleji da shugabannin ɗalibai su isar da wannan saƙo a masallatai, azuzuwa da majalisu kafin kuɗin kaka su fita daga hannu. Iyaye, kada yaro ya matsa muku da cewa garaɓasa za ta ƙare gobe. Kwamfuta ba za ta ƙare a kasuwa ba. Ku riƙe kuɗinku har sai wanda ya san kan na'urar ya kunna ta, ya bincika, an kuma rubuta rasit. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba yankinmu zaman lafiya.