Sayar da Gidan Haya a Sayi Wani: Ina Labarin Haraji?

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, akwai wata magana da muke yawan ji a Kakuri da Makera da Barnawa. Wai idan mutum ya sayar da gidan haya, ya juya kuɗin ya sayi wani, to Gwamnati ba ta da kome a ciki, tunda ko kwabo bai shiga aljihunsa ba. Mun ga ya kamata mu warware wannan, don kada wani ya zuba kuɗinsa duka a sabon gida, takardar haraji ta riske shi hannu rabbana.

Irin wannan ciniki ba baƙo ba ne a kudancin kogin Kaduna. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri cikin 1957 ma'aikata suka cika unguwannin nan, masu hali suka yi ta gina ɗakunan haya. Bayan rikicin shekarar 2000, da rufe masaƙar a 2002, gidaje da yawa sun sake hannu, a sayar nan a saya can.

To, wannan jinkirin haraji da ake faɗi akwai shi, amma a Amurka. Can sashe na 1031 na dokar harajinsu ya yarda a musanya gidan haya da wani, muddin an nuna sabon cikin kwana 45, an kammala ciniki cikin kwana 180, kuɗin kuma suna hannun ɗan tsakani. Ko a can ɗin ma jinkiri ne, ba yafewa ba.

Mu nan Nijeriya, dokar harajin ribar kadara ta 1967 ce ta yi aiki har ƙarshen 2025, ana karɓar kashi 10 cikin ɗari. Ta ba da jinkiri, amma ga ginin da mutum yake sana'arsa a ciki da kansa, kamar kanti ko sito, in ya maye shi da irinsa cikin wata 12. Gidan da ka zuba 'yan haya kana karɓar kuɗi ba ya cikin wannan.

Sabuwar doka, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2025, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. Yanzu ribar gida ana haɗa ta da sauran abin da mutum ya samu a shekara, harajin yana hawa mataki-mataki har kashi 25. Sauƙin da ta yi wa mai sake zuba kuɗi na hannun jarin kamfanoni ne. Gidan haya kuwa ba hannun jari ba ne.

Ku lura, riba ake wa haraji, ba uwar kuɗi ba. Ga misali. Ka sayi gida naira miliyan 5, ka ƙara ɗakuna na miliyan 3, ka sayar miliyan 20, la'ada da kuɗin lauya suka ci miliyan 1. Ribarka miliyan 11 ke nan. Amma in ba ka da rasit na ginin da ka ƙara, sai a lissafa maka miliyan 14. Faɗuwar darajar naira kuwa, ba a rage maka kome dominta.

Saboda haka shawararmu uku ce. Adana takardar ciniki da rasit na siminti da kwano da la'ada. A yi canjin suna a ofishin filaye na KADGIS, don dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar Gwamna. Sa'an nan kafin ka biya kuɗin sabon gida, je hukumar harajin jiha, watau KADIRS, a yi maka lissafi, ka ware rabon Gwamnati gefe guda.

Ku kuma dillalai, ku faɗa wa mai gida wannan tun kafin a sallama. La'adar rana ɗaya ce, amana kuwa ita ke dawo da shi gobe. Allah ya ba da kasuwa.