Ƙafar jigo: ɗan ƙarfen da ke kwantar da tsofaffin allunan sulu a kan ruwa, da yadda ake ceto su

A garejin gidaje da ɗakunan ajiyar ƙungiyoyin wasannin ruwa a Holan da Jamus da Faransa, akwai dogayen alluna da ƙura ta lulluɓe, waɗanda aka ƙera tun shekarun 1980. Da yawansu ko tsagewa ba su yi ba. In aka jefa su ruwa yau za su yi iyo kamar jiya aka sayo su. Abin da ya kwantar da su wani ɗan ƙarfe ne haɗe da roba, bai fi tafin hannu ba, wanda ya karye ko ya ɓata, aka nemi irinsa a kasuwa aka rasa.

Allunan na wasan sulu ne a kan ruwa da ƙarfin iska. Mai wasan yana tsayawa a kan allon, ya riƙe faffaɗan ƙyalle da aka ɗaure a jikin doguwar sanda, wato jigo, iska ta bugi ƙyallen ta tura shi. Babu sitiyari. Idan yana son juyawa, sai ya karkata jigon gaba ko baya. Saboda haka dole gindin jigon ya iya lanƙwasa ta kowace fuska, ya kwanta a ruwa in an sake shi, amma kada ya rabu da allon. Abin da ke wannan aiki shi ne ƙafar jigo, kuma sassa uku gare ta: na ƙasa mai kama allo, gaɓar tsakiya mai lanƙwasa, da na sama mai haɗuwa da jigo.

Wannan gaɓa tana cikin ginshiƙan takardar mallakar fasaha da Jim Drake, injiniyan jiragen sama, da abokinsa Hoyle Schweitzer suka nema a Amurka a 1968, aka ba su a 1970. A allonsu na farko, mai suna Windsurfer, ɓangaren ƙasan ɗan katako ne mai siffar harafin T, da ake cusawa cikin wani tsagi a jikin allon. Matsi kaɗai ke riƙe shi, kuma idan ya kufce sai ya fizgo ya doki ƙwaurin mai wasa.

Daga ƙarshen shekarun 1970 wasan ya kama Turai kamar wutar daji, har ya shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984. Kamfanoni irin su Mistral da F2 da Fanatic da HiFly da Bic da Tiga suka cika kasuwa, kowanne da tasa ƙafar jigon. Wani ya yi rami mai zagaye da ake cusa roba a murɗa ta kumbura a ciki. Wani ya shimfiɗa dogon layin alminiyon a kan allon, da ɗan feda da ake takawa a matsar da jigo gaba ko baya ana cikin tafiya. Ƙafar wannan ba ta shiga ramin wancan, kuma a kamfani ɗaya ma tsarin yakan sauya bayan 'yan shekaru.

Ba za a ce duk makirci ba ne, domin wasan sabo ne, injiniyoyi suna ta gwaji. Sai dai ɗaure mai saye da kaya guda ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Kamfanin Schweitzer ya gindaya wa waɗanda ya ba lasisi a Jamus sharaɗin kada su sayar da jigo da ƙyalle sai tare da allon da ya amince da shi. Hukumar Tarayyar Turai ta ci shi tara, kuma a 1986 Kotun Turai ta tabbatar cewa sharaɗin ya saɓa wa dokar gasar kasuwanci. A Ingila kuwa takardar mallakar ta faɗi a kotu, bayan an gamsu cewa wani yaro ɗan shekara 12, Peter Chilvers, ya riga ya haɗa irin wannan allo a tsibirin Hayling tun 1958.

Da kasuwar ta ja baya a shekarun 1990, sai masu ƙira suka koma kan tsari kusan guda, ba tare da wata doka ta tilasta musu ba. Allon zamani yana da ɗan gajeren tsagi a samansa. Ana zura noti mai faɗi a ciki, a ɗaure ƙafar da ƙusa mai murɗi mai kaurin milimita 8. A sama kuma iri biyu suka rage: na Turai, wanda siririn ƙarfe ne guda da ke shiga rami ya kulle, da na Amurka, mai kama da kofi da maɓallai biyu masu sifirin. Wannan daidaito alheri ne ga mai sabon allo. Tsofaffin kuwa sun zama marayu, domin an daina ƙera sassansu.

Masu gyara sukan fara da tambaya ɗaya: cikin sassa ukun nan, wanne ne ya mutu? Galibi gaɓar tsakiya ce. Roba ce, ko dai mai siffar kalangu ko guntun sanda mai tauri, kuma rana da gishiri suna cinye ta ko da ba a amfani da ita. In aka lanƙwasa ta aka ga tsagogi, ta gama aiki. Nan an yi sa'a, domin mai siffar kalangun da ƙusa mai milimita 8 ko 10 take ɗauruwa sama da ƙasa, kuma har yanzu ana sayar da ita. Wahalar tana wajen kwance tsohuwar. Ƙarfen da ba ya tsatsa idan ya daɗe cikin alminiyon a ruwan gishiri, sai alminiyon ya ci, su manne kamar an yi musu walda. Sai an jiƙa da mai, an ɗan gasa, an yi haƙuri. Mai gaggawa yakan karya kan ƙusar, ya mayar da aikin rabin sa'a na yini guda.

Dabarar da ta fi yawa ita ce auren tsoho da sabo. A bar ɓangaren ƙasa na asali, tunda shi kaɗai ya san ramin allon, a ɗora masa sabuwar gaɓa, a sa kai na zamani a sama. Da haka allon 1985 zai ɗauki jigo da ƙyallen bana. Ribar ba ta tsaya a nan ba. Ƙyallen zamani yana buƙatar a ja shi ƙasa da ƙarfi sosai kafin ya ɗauki siffarsa, ta igiya mai ratsa ƙananan tayoyi, abin da tsohuwar ƙafa ba ta da shi. Dole kuma a auna bakin jigon, domin akwai mai kauri, wanda faɗin cikinsa ya kai kusan milimita 48, akwai siriri mai kusan 32. Shi ya sa masu gyara ke gargaɗin kada a yar da ɓangaren ƙasa ko da ya tsage: ana iya kai wa mai injin sassaƙa ya fitar da irinsa daga roba mai tauri, muddin akwai samfur.

Idan ramin allon ne da kansa ya lalace, aiki ya zama tiyata. Ana yanke tsohon gurbin, a bar allon ya bushe sarai, a dasa guntun soso mai tauri, a zaunar da sabon tsagi a cikinsa da gam ɗin ifoksi, a rufe da 'yan shimfiɗu na zaren gilashi don nauyin ya bazu. A nan ne aka fi yin ɓarna. Cikin alluna da yawa farin soso ne irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, kuma gam ɗin foliyesta, wanda ya fi araha, narkar da shi yake yi. Ifoksin ma idan aka zuba shi da yawa wuri guda yakan yi zafi yayin da yake daskarewa, har ya ƙona soson. Allunan da aka yi da irin robar jarka kuwa, kamar Windsurfer na farko da yawancin na HiFly, gam ba ya kama su kirki. Sai dai a narka roba irin tasu a liƙe, yadda mai liƙin bokiti ke yi, ko a ɗaure faranti a kan tsohon layin da ƙusoshi. Kowace huda da aka yi ƙofa ce ga ruwa, kuma allon da ya sha ruwa nauyi yake ƙarawa har ya gagari ɗauka.

Gyaran ganin dama a wannan wuri yana iya cin rai. Idan ƙafa ta tsinke nesa da gaɓar teku, ƙyallen da ke kwance a ruwa yana riƙe allon kamar anga ya rabu da shi, iska kuma ta kwashi allon da saurin da mai iyo ba zai cim masa ba. Shi ya sa ake ratsa igiya ko ɗamara tsakanin saman gaɓar da ƙasanta, don ta riƙe in robar ta yanke. Shi ya sa kuma ake koya wa 'yan wasa cewa in abin ya faru, allo za su kama, su bar ƙyalle. Duk ƙafar da aka gyara, a ruwa marar zurfi ake fara gwada ta, ranar da iska ke kaɗowa zuwa tudu.

Duk wanda ya taɓa yawo da waya yana neman caja mai bakin da ya dace ya san wannan ciwo. Tarayyar Turai ta magance na waya da doka: daga 28 ga Disamba 2024, wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta dole su yi amfani da USB-C. A shekarar ce kuma ta zartar da dokar 'yancin gyara, wadda ta wajabta wa masu ƙira gyara kayansu da samar da sassa a farashi mai ma'ana, aka ba ƙasashe wa'adi zuwa 31 ga Yuli 2026 su shigar da ita dokokinsu. Amma jerin kayan da ta shafa galibi na gida ne, irin su injin wanki da firji da wayoyi. Allon sulu ba ya ciki. Faransa ta ɗan matsa gaba, inda tun 2022 ta ɗora wa masu ƙera kayan wasanni nauyin kuɗin tattara su da sake sarrafa su in sun tsufa. Wannan mataki ne mai kyau, sai dai allon da aka haɗa da soso da gam da zaren gilashi yana da wuyar sarrafawa, kuma tsarin ba zai sa wani kamfani ya sake ƙera ƙafar da ya daina yi shekara talatin da suka wuce ba.

Don haka sassan suna fitowa ne daga allunan da suka riga suka mutu. Masu gyara sukan karɓi fasasshen allo don kawai su cire layinsa da fedarsa, kuma a kasuwar kayan hannu ta Turai ba abin mamaki ba ne a ba da allo mai tsawon mita uku da rabi kyauta ga duk mai motar ɗauka, a sa wa ƙafarsa kuɗi daban.