Ina Billen Goggo Ya Tafi?

Kwana biyu da watsewar bikin 'yar yayata, sai ga hotuna sun fara kwarara cikin zauren WhatsApp na dangi, sun haura ɗari uku. Akasarinsu wani ɗan ƙanena ne ya ɗauka da wayarsa, yaro mai himma da bai huta ba tun ranar kamu. Na kai wa Goggo wayata don ta ga kanta. Ta riƙe ta nesa da ido, ta sake matso da ita, sannan ta ce, "Wace ce wannan sanye da atamfata?" Ba wasa take yi ba. Matar da ke cikin hoton fara ce sol, fuskarta sumul, babu tamoji ko ɗaya, kuma billen da aka yi mata a kunci tun tana jaririya ya ɓace ɓat.

Abin ya tsaya mini a rai. Na zauna na bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, na ga kurakuran da ke cikinsu su ne dai waɗanda ake gani a hotunan Sallah, na suna da na saukar Alƙur'ani a kowane gida. Wasu masu sauƙin gyara ne. Ɗaya daga ciki kuwa ya wuce kuskuren hannu.

Mafi sauƙi shi ne zaman mutum a cikin hoto. Wanda bai ƙware ba yana dasa fuskar mutum a tsakiya cif, sai rabin hoton na sama ya zama rufin kwano ko sararin sama, ƙafafu kuma a datse su daidai idon sawu. Akwai hoton amarya da aka yanke a wuyan hannu, lallen da aka kwana ana zana mata ya tafi a banza. Akwai na ango da turken lantarki ya tsiro masa daga tsakiyar hula, ga buta da shanya a bayansa. Idon ɗan Adam yana zaɓen abin da yake so ya gani, ita kuwa kyamara duk abin da ta tarar kwashewa take yi. Shi ya sa masana ke cewa a duba kusurwoyi huɗu na allon kafin a danna, kuma in za a datse jiki, kada a datse shi a kan gaɓa.

Wanda ke son ganin yadda ake wannan aiki ya nemi hotunan Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948. A tsakar gida yake ɗauka, da hasken rana, ya rataya yadi mai zane a baya. Sau da yawa zanen yadin da na tufar macen suna neman haɗewa, amma fuska da hannuwa suna fitowa tar, domin ya san inda zai ajiye kafaɗa da yadda zai karkatar da haɓa. Kayan aikinsa ba su kai wayar yaron nan dabaru ba. Haƙurin tsayawa ya tsara mutum shi ne jarinsa.

Sai batun saiti, wato wurin da ya fi fitowa garau a hoto. A hoton mutum, ido ne, musamman idon da ya fi kusa da kyamara. In ido ya yi dishi-dishi, komai kyan sauran, hoton ya mutu. A hotunan bikin na ƙirga da dama inda aikin aska takwas na gaban babbar riga ya fito zare-zare, fuskar mai rigar kuwa ta dushe, saboda waya tana son kama wurin da ke da zane da bambancin launi. Maganin bai wuce taɓa fuskar a kan allo kafin ɗauka ba. Wannan taɓawar tana kuma gyara wata matsalar: farar shadda tana ruɗin ma'aunin haske, waya ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, sai fuskar baƙin mutum ta nutse. Haka tsakar rana take jefa inuwar hula a kan idanu. Bakin zaure, ƙarƙashin rumfa, ko bayan la'asar sun fi tausaya wa fuska.

Kusanci ma yana da nasa sharrin. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari, alhali daga mita ɗaya da rabi fuska tana fitowa daidai yadda take. 'Yan mata da yawa suna tsanar hancinsu saboda hoton kai-da-kai, ba su san laifin tazara ba ne. Ita kuma dabarar dusar da bayan mutum da wayoyi ke yi, lissafi ne na manhaja, kuma takan rikice a gefen gwaggwaro da bakin mayafi, ta cinye ɗan kunne ko ta bar wani kewaye kamar an yanko mutum da almakashi.

Duk waɗannan ana koyonsu cikin mako guda. Abin da ya sami fuskar Goggo daban ne, domin ba a lokacin ɗauka ya faru ba. Da na ga hoton asali, lafiyarsa ƙalau. Bayan an ɗauka ne aka bi shi da gyara, aka ja ma'aunin sulɓi har ƙarshe, aka ƙara fari, aka rage faɗin muƙamuƙi.

Wannan yana da tarihi mai ɗaci. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Fatar da ba irin tata ba sai ta fito yadda ta ga dama. Lorna Roth, wadda ta koyar a Jami'ar Concordia ta Kanada, ta rubuta cewa koke-koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fitowa daidai, na cikin abin da ya sa aka inganta yadda fim ke ɗaukar launin ruwan ƙasa. Sai a shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Daga baya kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno, Infinix da Itel, ya ci kasuwar Afirka, kuma cikin abubuwan da ya yi fice da su har da saita kyamara don baƙar fata. Wato an sha fama kafin na'ura ta iya ganin launinmu. Yau da ta iya, mu ne da yatsunmu muke goge shi. Wannan yana ƙona mini rai.

Ba ina cewa gyara haramun ba ne. A daidaita haske, a miƙe hoton da ya karkace, a datse gefen da buta take, a cire ƙurjin da ya fito ranar biki wanda zai warke kafin sati. Amma bille ba ƙurji ba ne, shaidar gida ce da asali. Tamoji shekaru ne da aka rayu. Ma'aunina shi ne, abin da zai kasance a fuskar mutum baɗi war haka, ba na mai gyara ba ne da zai taɓa. Kuma jikokin da za su buɗe hoton nan bayan shekara talatin, da shi kaɗai za su san kamannin kakarsu.

Ban yi wa yaron magana a zauren dangi ba, don gyara a bainar jama'a kashe gwiwa yake yi. Na kira shi gida, na fara nuna masa wani hoto nasa da ya burge ni ƙwarai: ƙanwar amarya ta leƙo ta bayan labule, ya durƙusa daidai tsayinta ya ɗauka, idonta na ƙyalli. Sannan na jera masa hotunan Goggo biyu, na asali da gyararre, na tambaye shi wacce ce ta goye shi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Wallahi Baffa, na ɗauka kyautata mata na yi, haka kowa yake so yanzu."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya je gidanta. Ya zaunar da ita a bakin ƙofar ɗaki inda haske ke shigowa ta gefe, ya kawar da kwanukan da ke bayanta, ya ja da baya taku uku, ya taɓa idonta a kan allo. Billen ya fito, carbin da ke hannunta ma ya fito har ƙwayoyinsa. Goggo ta duba, ta gyara zaman ɗankwalinta, ta ce a wanko mata guda biyu, ɗaya za ta aika wa ƙanwarta a Maraɗi.