Yadda ake gano tushen baƙuwar ƙara a ƙarƙashin motar a-kori-kura

Motar a-kori-kura, musamman samfurin Toyota Hilux wanda aka fara ƙerawa a Japan a shekarar 1968, na cikin motocin da manoma, 'yan kasuwa, jami'an tsaro da ma'aikatan lafiya suka fi dogara da su a Najeriya. Saboda nauyin da take ɗauka da irin hanyoyin da take bi, ba ta rabuwa da ƙararraki. Yawancinsu na bodi ne ko na salansa, ba su da haɗari. Wadda ta cancanci a tsaya a saurara ita ce wadda ke fitowa daga sassan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi, wato kuloci, giyabos, farfela da aksul na baya.

Wahalar ita ce ƙarfe yana ɗaukar sauti. Kukan da ya taso daga aksul na baya kan bi farfela ya fito wa direba tamkar daga ƙarƙashin kujerarsa yake. Ta haka ne ake sauke giyabos lafiyayye, a kashe kuɗi masu yawa, a mayar da shi, ƙarar kuma tana nan daram. Kunne kaɗai ba ya nuna wurin. Abin da ke nuna shi shi ne sanin abin da ƙarar take bi: juyin inji, gudun mota, ko kuwa taka totur da sakinsa.

Gwajin farko a tsaye ake yin sa. A sa giya a furi, a taka totur a hankali. Idan ƙarar ta tashi tare da inji, to daga inji take ko daga bakin giyabos. Sai a taka kuloci. Ƙarar da ke ɓacewa da zarar an taka shi tana nuni ga boris ɗin sandar da ke shiga giyabos, wadda kuma sai an taka take bayyana, galibi ta boris ɗin kulocin ce.

Idan babu komai a tsaye, sai a hau hanya marar cunkoso, a kai gudun da ƙarar ta fi ƙarfi, a mayar da giya furi na ɗan lokaci. In ta ci gaba alhali inji ya lafa, to gudun mota take bi, kuma zargi ya koma kan taya, boris ɗin taya, farfela ko aksul. Boris ɗin taya yana yin gurnani mai ƙaruwa da gudu, kuma yakan sauya idan aka karkata sitiyari kaɗan. Karkatawa hagu tana ɗora nauyi a dama, don haka in gurnanin ya ƙaru a lokacin, akasari na dama ne ya ci. Tayoyi masu manyan haƙora, ko waɗanda suka suɗe gefe guda, suna yin irin wannan gurnani, kuma sauya na gaba da na baya ya fi arha a matsayin gwaji.

Kukan aksul daban yake. Siriri ne kamar fito, yana zuwa idan an taka totur ya tafi idan an saki, ko akasin haka, domin haƙoran da ke ciki suna gugar juna ta fuska ɗaya lokacin ja, ta ɗaya fuskar kuma lokacin saki. A nan man aksul shi ne shaida. A buɗe notin zuba mai a ga ko ya kai baki. Man da ya koma fari-fari kamar madara alama ce ta ruwa, abin da ke yawan faruwa da damina idan mota ta ratsa rafi ko ambaliya aksul na da zafi. Notin zubar da mai yana da maganaɗisu: ɗan laushin toka a jikinsa ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi na nufin haƙori ko boris ya fara karyewa.

Farfela ce ya fi kamata a ji tsoro. Tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, shi ya sa girgizarta ta fi ta taya sauri, ana jin ta a kujera da ƙasan mota. Kuros ɗin da ke gaɓoɓinta idan ya bushe da giris yakan fara da ƙiƙi-ƙiƙi a ƙaramin gudu, daga baya ya koma "ƙwas" duk lokacin da aka tashi ko aka sa ribas. Idan na gaba ya tsinke mota na gudu, kan farfelar na iya dukan kwalta ya wurga motar. Ana gane shi ta kama farfelar da hannu a murɗa ta, inji a kashe, an sa wa tayoyi waigi. Kuros mai lafiya ba ya wasa ko kaɗan. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Akwai kuma ƙarar da direba ke jawowa da kansa. Yawancin a-kori-kura masu jan taya huɗu an ƙera su ne don a sa giyar taya huɗu a yashi, taɓo ko tsakuwa. A busasshiyar kwalta tayoyin gaba da na baya ba sa samun damar bambanta gudu a kwana, sai sassan su ɗaure, mota ta riƙa tsalle tana ƙara, sitiyari ya yi nauyi. Tayoyin da girmansu ya bambanta suna ƙara tsananta hakan. Mayar da giyar zuwa taya biyu, da ɗan ja da baya idan ta ƙi fita, yakan kawar da ita.

Kafin a je gareji, yana da kyau mai mota ya rubuta gudun da ƙarar ke farawa, giyar da yake ciki, da ko akwai kaya a baya, sannan ya nemi makaniki ya zauna a motar a yi gwajin tare kafin a kwance ko noti ɗaya. In har za a cire farfela, a yi mata alama da fenti domin a mayar da ita yadda take, don mayar da ita a karkace yana haifar da sabuwar girgiza.