Foynes, Ƙauyen Da Jiragen Sama Suka Riƙa Sauka A Kan Ruwa

Mai karatu da ya saba ganin jirgin sama na gudu a kan kwalta kafin ya tashi zai yi mamaki in aka ce masa an yi zamanin da manyan jirage masu ƙetare Tekun Atlantika a kan ruwa suke sauka, tamkar agwagi. Dalili kuwa shi ne a shekarun 1930 filayen sauka masu tsawon da zai ishi jirgi mai nauyi, shaƙe da mai, ba su da yawa. Ruwa kuwa fili ne da Allah ya shimfiɗa, ba a biya.

Wannan shi ya ɗaukaka wani ɗan ƙauye mai suna Foynes a bakin kogin Shannon, yammacin ƙasar Ailan. Wurin yana fuskantar Amurka, ga ruwa mai faɗi wanda igiyar teku ba ta cika damunsa ba. A watan Yuli na 1937 aka yi gwajin farko: jirgin kamfanin Imperial Airways na Ingila ya tashi daga nan zuwa Botwood a tsibirin Newfoundland, na kamfanin Pan American kuma ya biyo hanyar daga can. Ran 9 ga Yuli 1939 jirgin Yankee Clipper, ƙirar Boeing 314, ya sauka da fasinjoji.

Ba a yi wata biyu ba sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Ailan ta ce ba ruwanta da yaƙin, saboda haka hafsoshi da jakadu suka riƙa ratsawa ta Foynes cikin kayan farar hula, kowa ya sani, kowa ya yi gum. Mu ma abin ya shafe mu, domin da hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari, jiragen kamfanin BOAC sun riƙa tasowa ta Foynes su bi ta Lisbon da Bathurst, wato Banjul ta yanzu, su sauka a ruwan Ikko.

Tafiyar fa ba wasa ba ce. A 1942 Kyaftin Charles Blair ya tashi daga Foynes har New York ba tare da ya yada zango ba, ya shafe sa'a 25 da minti 40 a sama. Wani lokaci iska kan tilasta wa jirgi ya juyo bayan ya ci rabin dare yana tafiya.

Abin ban tausayi, yaƙin da ya raya Foynes shi ne ajalinsa. Bukatun soja sun sa an shimfiɗa dogayen filaye ko'ina, an kuma ƙera jirage masu ƙafa da ke cin dogon zango. A 1945 harka ta koma sabon filin Shannon da ke ƙetaren kogin. Tsohon ginin tashar ya zama gidan tarihi a 1989, inda baƙi ke shiga cikin kwaikwayon Boeing 314 mai girman na asali, tun da ko ɗaya daga cikin 12 da aka ƙera bai saura ba.