Samarin Potiskum Da Ciwon Da Ba A Gani

POTISKUM: Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ya san Potiskum, ko da ta wajen shanun da manyan motoci ke saukewa a kasuwannin Kudu ne. Amma garin na ɗauke da wani kaya wanda mota ba ta ɗauka.

Ran Litinin 10 ga Nuwamba 2014, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya saje da ɗalibai a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati, ya ta da bam ana taron safe, fiye da mutum 40 suka rasu. Kafin wannan, a watan Mayu 2012, an kai wa kasuwar shanu hari. Yaran da suka tsira sun zama magidanta yau. Raunin jiki ya warke, amma firgita da rashin barci ba su bar waɗansu ba.

A al'adarmu, wanda ya faɗi damuwarsa sai a ce ya cika raki, ko kuwa a ce iskoki ne. To, a nan ne waƙa ta shigo. Abin da saurayi ke jin nauyin faɗa wa mahaifinsa, yakan iya tsara shi cikin baiti, da Hausa ko Turanci, ya karanta a gaban tsaransa, a saurare shi ba dariya.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce. Da waƙa Malam Sa'adu Zungur na Bauchi ya farkar da Arewa kafin rasuwarsa a 1958. A 2025 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa Maryam Bukar Hassan, watau Alhanislam, 'yar Jihar Borno, jakadiyar zaman lafiya saboda waƙoƙinta.

Haɗin kan Afirka kuwa, ba sai an je Addis Ababa za a koya wa ɗan Potiskum shi ba. Fataken Nijar da Chadi da Kamaru na cin kasuwar garinsa, kuma masifar da ta taɓa shi ita ce ta taɓa Diffa.

Sai dai waƙa ba ta maye gurbin likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Maiduguri ya fi kilomita 200 daga nan. An sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairu 2023, ta soke tsohuwar ta 1958, saura aiki da ita.

Masu aiko da kuɗi gida, a riƙa haɗawa da tambayar yadda ƙanne ke kwana. Allah Ya ba mu lafiya, amin.