Wane Sarkin Gobir? Abin da Sunaye Ke Faɗa a Kwarin Rima

A gabashin Jihar Sakkwato, in mutum ya ce ya je gaishe da Sarkin Gobir, sai an tambaye shi wanne. Akwai Sarkin Gobir a Isa, akwai a Gwadabawa, akwai a Sabon Birni, in kuma aka tsallaka iyaka zuwa Nijar akwai wani a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Na Tsibiri da na Sabon Birni Gobirawa ne, 'yan gidan su Bawa Jangwarzo. Na Isa da na Gwadabawa kuwa zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, gidan da ya ci Gobir da yaƙi.

Ba Gobir kaɗai abin ya shafa ba. Sarkin Kabi na Argungu, wani Sarkin Kabin na Yabo. Sarkin Zamfara na Anka, wani na Zurmi. Sarkin Katsina na Maraɗi, wani na Gusau. Dalilin kusan ɗaya ne ko'ina. Bayan jihadin 1804, wanda ya ci ƙasa ya naɗa nasa da sunan sarautarta, wanda aka ci kuma ya tafi da sunan inda ya sake kafa gari, kowa ya ƙi saki.

Amma rikicin suna a wannan kwari ya girmi jihadi. A ɗauki Alƙalawa, babban birnin Gobir, wanda kufansa ke bakin gulbin Rima a yankin Sabon Birni na yau. Gobirawa ba nan suka fara ba. Tarihinsu ya nuna daga Azbin suka gangaro, suka zauna Birnin Lalle, sannan a ƙarni na 18 suka shigo ƙasar Zamfara a matsayin baƙi. Wurin da aka ba su, kamar yadda ruwaya ta zo, gonakin gidan alƙalin Zamfara ne, shi ya sa ake ce masa Alƙalawa. Baƙo ya yi ƙarfi, Sarkin Gobir Babari ya juya ya rushe Birnin Zamfara a shekarun 1760, ya mai da Alƙalawa gadon sarautarsa. Sunan dai bai canja ba. Saboda haka in Bagobiri ya ce Alƙalawa birnin kakanninsa ne, bai yi ƙarya ba. In Bazamfare ya ce sunan ma nasu ne, shi ma bai yi ƙarya ba.

A cikin wannan ƙasa ta Gobir aka haifi Shehu, a Maratta, a 1754. A nan ya yi karatu, ya zauna Ɗegel, ya yi wa'azi da Fillanci da Hausa. Wajajen 1788 ya sadu da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami ranar idi, ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Zama ya lalace a zamanin sarakunan Gobir Nafata da Yunfa. A Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, ƙarshen shekarar Gobirawa suka rama a Tsuntsuwa, a 1808 Alƙalawa ta faɗi aka kashe Yunfa.

Masu son taƙaita labari kan ce yaƙin Fulani da Hausawa ne. Sahun mayaƙan bai goyi bayansu ba. Abdussalami na Gimbana, wanda kama mutanensa ya zama silar rikicin, Ba'are ne, ba Bafillace ba, kuma almajirin Shehu ne. A rundunar Yunfa akwai Abzinawa da wasu Fulani. Shi Abdussalamin, bayan an ba shi Kware, ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1817, aka yaƙe shi, ya rasu a farkon 1818. Ko wannan kaɗai ya isa nuna cewa gaba da ƙawance a lokacin sun fi bin aƙida da mulki da maslaha.

Garuruwan Wurno da Shinaka daga gabar Gobir da Sakkwato suka samu matsayinsu. Gobirawa ba su miƙa wuya don Alƙalawa ta faɗi ba, hari suka yi ta kaiwa ta kwarin Rima har kusa da Sakkwato. Bello ya ga cewa fita yaƙi a dawo gida ba ya tsare iyaka, sai ya kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa da aka zaunar da mayaƙa da malamai da manoma a bakin daga. Wurno shi ne babba, can ya tare wajajen 1830, can ya rasu a 1837, can hubbarensa yake. Shinaka, da ke ƙaramar hukumar Goronyo a yau, an damƙa ta ga ɗansa Aliyu, wanda ya zama Sarkin Musulmi Aliyu Babba daga 1842 zuwa 1859, shi ne Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar yana mulki daga Wurno a 1853. Lajinge kuma aka ba wani ɗan Bello, Fodiyo, wanda mahaifiyarsa Katambale daga fadar Yunfa ta fito. Wato wanda aka sa gadin iyaka da Gobir, ta wajen uwa ɗan Gobir ne.

A 1836 aka yi karon Gawakuke, inda Bello ya karya haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Bayan nan Sarkin Gobir Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa ya kafa Tsibiri. Daga baya gidan ya rabu, Ɗan Halima ya ɓalle ya daidaita da Sakkwato ya kafa Sabon Birni. Sunan kansa shela ce: tsohon birni ya tafi, ga sabo. Da Ingila da Faransa suka ja layin iyaka a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni ta faɗa Nijeriya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan abin da masu nasara suka gada daga waɗanda suka ci. A fadar Sarkin Musulmi Hausa ake yi, kuma Hausar yamma, irin ta Gobir da Zamfara da Kabi, mai "mi" a madadin "me" da "shina" a madadin "yana". Sarautu irin su Magajin Gari da Marafa da Ubandoma da Sardauna na Hausa ne, suna zaune majalisa ɗaya da Arɗon Shuni da Arɗon Dingyaɗi. Sir Ahmadu Bello, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, da sarautar Sardauna duniya ta san shi.

Misali mafi daɗin kallo na wajen mata ne. A Gobir akwai sarautar Inna, 'yar gidan sarauta mai shugabantar mata da harkar bori, wadda kan fito da malfa a kai. Da Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma matar Waziri Giɗaɗo, ta kafa tsarin 'yan taru don karantar da matan ƙauyuka, sai ta riƙa naɗa shugabar kowace tawaga da sunan jaji, ta ɗora mata malfa, ta ɗaure da jan ƙyalle. Matar ƙauye da ta hango wannan malfa ta san mai iko ce ke tafe, don ta saba ganinta a kan Inna. Abin da ke bakin jajin ne ya bambanta: waƙoƙin tauhidi da tsarki da tarihin Annabi, da yawansu da Hausa. Asma'u ba ta yaƙi malfar ba, aiki ta ba ta.

Irin wannan cuɗanya da gaba ba a nan kaɗai take ba. A gabashin Habasha, Somaliyawa da Oromo maƙwabta ne na ɗaruruwan shekaru. Harsunansu daga reshe ɗaya suka fito, na Kush, wanda masana ke haɗa shi da Hausa a babban dangi guda. A bakin iyakarsu galibi Musulmi ne, makiyaya da manoma, sun yi auratayya har akwai dangogi irin su Gurgura da Garre da kowane ɓangare ke cewa nasa ne. Gurgura na lissafa asalinsu ga Dir, kakan wani dangin Somaliyawa, amma da yawansu da harshen Oromo suke magana.

Duk da haka sunan gari ɗaya ya isa tayar da jijiyar wuya. Dire Dawa ya kafu a 1902 da zuwan jirgin ƙasa daga Jibuti. Oromo na cewa sunan nasu ne, ma'anarsa filin magani. Somaliyawa na cewa a'a, Diridhaba ne, inda Dir ya soka mashinsa. Gardamar ba ta masana harshe ba ce, domin tsarin mulkin Habasha na 1995 ya yanka jihohi bisa ƙabila, kuma duk wanda aka yarda sunan nasa ne ya kama hanyar mallakar garin da harajinsa. Gwamnatin tarayya ta rasa yadda za ta yi, ta riƙe Dire Dawa a hannunta. A Oktoban 2004 aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙananan gundumomi 420 na bakin iyakar jihar Oromiya da ta Somaliyawa, kusan kashi 80 cikin ɗari suka faɗa Oromiya, amma ba a kammala shata iyakar ba. Faɗan da ya ɓarke a 2017 ya raba mutane kusan miliyan ɗaya da gidajensu.

Sa'ar da kwarin Rima ya yi ita ce ba a taɓa mai da suna takardar mallakar ƙasa ba. Ana cewa Tungar wane, Rugar wane, Gidan wane, kowa ya san wanda ya fara sauka ake nufi, ba wanda aka hana zama ba. Bagobiri mai tsage shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya, da Basullube da Bazamfare da Ba'adare fadama ɗaya suke noman albasa da tafarnuwa da shinkafa, da ruwan madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, kasuwa ɗaya suke ci.

Wannan sa'a ce ta'addancin 'yan bindiga ke neman cinyewa. A Yulin 2018 an kai mummunan hari Tabanni a ƙasar Gandi ta Rabah. A Oktoban 2021 an buɗe wa kasuwar Goronyo wuta, mutum fiye da 40 suka rasu. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa da ke yankin Sabon Birni, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Bayan kowane hari sai Facebook da TikTok su cika da masu tono Yunfa da Alƙalawa, wannan na cewa ƙasar Gobir ce aka ƙwace, wancan na cewa ƙasar Shehu ce, kamar jiya aka tashi daga Tafkin Kwatto. Mafi yawansu ba su san Babari ya karɓe wurin daga Zamfarawa ba, ba su kuma taɓa jin sunan Katambale ba. Ɗan bindigar da ke ɗora wa ƙauye haraji kuwa ba ya tambayar tsagen fuska, ya sace shanun Bafillace yau, gobe ya hana Bagobiri zuwa gona.

Tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu ke tsallakawa Jihar Maraɗi gudun wannan bala'i. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar sun zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, a yankin Gidan Rumji, inda Tsibiri take. Waɗanda suka karɓe su da yawa Gobirawa ne, jikokin mutanen da suka bi Mayaƙi bayan Gawakuke.